Masu share fage ba abin ature ba ne

Watanni kaɗan da suka wuce na raka wani abokin aikina kallon wasan wata tsohuwar ƙungiyar makaɗan rok a wani babban zaure a arewacin Ingila. Shi ne masoyinsu tun yana saurayi, ni kuwa ɗan rakiya ne. Mun isa da wuri, saboda haka muka tarar da masu share fage, wato ƙaramar ƙungiyar da ake ba dama ta fara wasa kafin manyan su fito. Samari uku ne da budurwa ɗaya mai kaɗa ganguna, kuma da ganinsu ka san babu wanda ya kai shekara talatin a cikinsu.

Rabin kujerun babu kowa. Waɗanda suka shigo kuwa, yawancinsu sun juya wa dandamali baya suna hira da ƙarfi, wasu suna layin sayen abin sha. Ana cikin waƙa ta uku sai wasu mutane a gaba suka fara kiran sunan manyan makaɗan da suke jira, suna buga ƙafa a ƙasa, har muryarsu ta danne ta mawaƙin. Daga nan wani ya wurgo kofin roba da sauran abin sha a ciki, ya faɗi kusa da ƙafar mai jita. Yaron bai ɗaga kai ba, ya ci gaba da kiɗansa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, masu wannan aikin dattawa ne masu furfura, waɗanda a haife sun haifi duk wanda ke kan dandamalin.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Ɗan kallo yana da damar ya ƙi son kiɗan mai share fage, yana da damar ya makara da gangan, ko ya fita waje ya sha iska har sai gwanayensa sun fito. Amma tikitin da ya saya bai ba shi ikon yi wa wani eho, ko zaginsa, ko jifansa ba. Mai share fage baƙon masu wasan ne, su suka amince ya hau dandamalinsu, kuma wanda ya ci mutuncin baƙo a gidan da yake cewa yana ƙauna, mai gidan ya fara ci wa mutunci.

Abin da aka yi wa Prince a 1981

Wannan ɗabi'a ta daɗe, kuma misalin da aka fi ba da labarinsa ya faru ne a filin wasa na Coliseum da ke Los Angeles a Amurka, ranar 9 ga Oktoba, 1981. Ƙungiyar Rolling Stones ce ke da wasan, a gaban mutane sama da 90,000. Cikin masu share musu fage akwai George Thorogood da ƙungiyar J. Geils Band, amma wanda aka sa ya fara fitowa shi ne Prince, matashin mawaƙi baƙar fata ɗan shekara 23 daga birnin Minneapolis. Mick Jagger, jagoran Rolling Stones, shi ne ya gayyace shi, domin ya ga wasansa ya kuma yaba.

Prince bai yi nisa ba aka fara yi masa eho. Aka bi shi da jifa da kwalabe da gwangwanaye da ragowar abinci, ana haɗawa da zagin launin fatarsa da na irin shigar da ya yi. Ya sauka bai gama wasansa ba, har sai da mai shirya taron, Bill Graham, ya fito ya yi wa jama'a faɗa. Prince ya hau jirgi ya koma garinsu a ranar, aka yi ta lallashinsa ta waya kafin ya yarda ya dawo wasa na biyu ranar 11 ga wata. Labari ya riga ya bazu, don haka wasu suka zo da abin jifansu tun daga gida.

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Mutumin da ya tanadi abin jifa tun kafin ya bar gida bai saurari kiɗan ba balle a ce bai yi masa daɗi ba. Ya yanke hukunci ne kafin a kaɗa igiyar jita ko ɗaya. Shekara biyu kafin wannan, a watan Yulin 1979, an tara dubban faya-fayen kiɗan disko a wani filin wasa a Chicago aka tarwatsa su da nakiya a gaban taron da ke sowa, kuma ƙyamar da wasu masoya rok ke yi wa kiɗan rawa na baƙaƙen fata tana nan da zafinta a lokacin. Wannan ƙyamar ce Prince ya tarar a Coliseum.

Abin takaicin shi ne, Rolling Stones kansu ɗaliban baƙaƙen makaɗan Amurka ne, kuma ba su taɓa ɓoye hakan ba. Sunansu ma daga wata waƙar Muddy Waters suka ɗauko shi. A rangadinsu na Amurka na 1969 sun tafi da B.B. King da Ike da Tina Turner, a 1972 suka tafi da Stevie Wonder, a 1978 kuma da Peter Tosh na Jamaika. Suna amfani da wannan gurbi na share fage ne domin su nuna wa masoyansu rijiyar da suka sha ruwa a cikinta. Masu jifan Prince sun haddace waƙoƙin gwanayensu, amma ba su fahimci daga inda waƙoƙin suka fito ba.

A shekarar 1981 ɗin dai, a birnin New York, ƙungiyar The Clash ta yi wasanni 17 a wani zaure mai suna Bond's, ta kuma gayyaci Grandmaster Flash and the Furious Five, waɗanda ke cikin magabatan kiɗan hip-hop, su share mata fage. Jama'a suka yi musu ature da kofuna, har ran Joe Strummer, mawaƙin The Clash, ya ɓaci ya tsawata wa masoyan nasa. Bayan shekara 22 aka maimaita irin haka a Toronto ta ƙasar Kanada, a babban wasan da aka shirya ranar 30 ga Yuli, 2003 domin farfaɗo da birnin bayan annobar cutar numfashi ta SARS. Taron ya haura mutum 400,000, kuma da matashin mawaƙin pop Justin Timberlake ya fito kafin AC/DC da Rolling Stones, sai aka yi masa ruwan gorunan ruwa. A duk waɗannan wurare abu ɗaya ne ke faruwa: manyan sun miƙa wa wani hannu, masoyansu sun buge hannun.

"Ai kuɗina na biya"

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, kuma abokin nawa ma ita ya kawo mini a hanyarmu ta komawa gida. Cewa ya yi tikitin irin waɗannan wasanni ya yi tsada ƙwarai, mutum ya ɗauki hutu a wurin aiki, ya biya kuɗin jirgin ƙasa, wani ma har da na masauki, ya tsaya sa'o'i a layi, sannan a ɗora masa wasu yaran da bai san su ba na tsawon minti arba'in. Ya ce wanda ya biya yana da bakin magana.

Na yarda yana da bakin magana, kuma ban raina wahalar da ya lissafa ba. Sai dai abin da ya saya shi ne wurin zama ko na tsayuwa da damar kallon abin da aka tallata, kuma sunan masu share fage yawanci yana nan a jikin sanarwar tun kafin ranar. Wuraren wasa da yawa suna fitar da jadawalin lokacin da kowa zai hau. Wanda ba ya so, hanya a buɗe take ya shigo daidai lokacin da manyan za su fara.

Mutumin da ya shiga gidan abinci aka kawo masa ɗan abin taɓawa kafin tuwon da ya yi oda, idan bai yi masa ba sai ya ture shi gefe. Babu mai hankalin da zai watsa wa yaron da ya kawo kwanon a fuska, ya ce ai kuɗinsa ya biya. Kowa ya san wannan a gidan abinci. Abin da ke canzawa a filin wasa shi ne duhu da yawan jama'a, inda mutum yake jin babu wanda zai gane shi, sai ya aikata abin da ba zai iya yi ba da shi kaɗai ne a gaban wanda yake jifa.

Akwai kuma wanda ake mantawa da shi a wannan lissafin, wato ɗan kallon da ke kusa da mai ihun. Shi ma kuɗinsa ya biya, kuma mai yiwuwa yana so ya ji abin da yaran suka zo da shi. A daren da nake ba da labari, wata mata da ke gabanmu ta yi ta miƙa wuya tana ƙoƙarin saurare, daga baya ta haƙura ta zauna. Haƙƙinta aka danne da sunan haƙƙin mai biya.

Idan haɗin bai dace ba fa?

Hujja ta biyu ta fi ta farko ƙarfi. Ana cewa wani lokaci masu shirya wasa ne ke haɗa abin da ba ya haɗuwa, su kawo mai kiɗa iri kaza gaban taron da ya zo jin wani iri dabam, sannan a ɗora wa jama'a laifi.

Hakan yana faruwa. A watan Yulin 1967 aka sa Jimi Hendrix ya riƙa share wa ƙungiyar The Monkees fage a Amurka. 'Yan ƙungiyar ne da kansu suka so shi bayan sun ga abin da ya yi a bikin kiɗa na Monterey wata guda kafin nan. Amma masoyansu yawanci yara mata ne ƙanana da iyayensu suka rako, kuma yayin da Hendrix ke kiɗa sai su yi ta kiran sunan Davy Jones, mawaƙin da suka zo gani. Bai wuce kwana goma ba ya bar rangadin bayan wasannin Forest Hills a New York. Ban ga laifin waɗannan yaran sosai ba, domin ƙuruciya ce, kuma babu wanda ya shirya kunnensu don irin wannan kiɗa. Laifin na manyan da suka tsara tafiyar ne.

To amma mutanen da na gani a zauren nan ba yara ba ne. Mutum mai shekara sittin da ya shafe rayuwarsa yana jin kiɗa, wanda zai iya faɗa maka shekarar da kowane faifan gwanayensa ya fito, ba zai fake da cewa kunnensa bai saba ba. Idan haɗin bai dace ba, mai shirya wasan ne ya cancanci ƙorafi, kuma akwai hanyoyin kai masa shi. Yaron da ke riƙe da jita bai tsara komai ba, an kira shi ne ya amsa.

Wasu kuma suna cewa ai wannan ita ce makarantar, wai dole sabon makaɗi ya sha wuya a gaban taro mai tsauri kafin ya goge. Gaskiya ne cewa taron da bai san ka ba yana koya maka abin da masoyanka ba za su koya maka ba. Shiru ma darasi ne, tafi marar ƙarfi ma darasi ne, kuma duk makaɗin kirki yana karanta su. Amma ban ga abin da kwalba a goshi ke koya wa mutum game da kiɗa ba. Mawaƙin Amurka Bruce Springsteen ya share wa ƙungiyar Chicago fage a 1973, ciki har da zauren Madison Square Garden, kuma irin tarbar da ya samu ta sa ya ƙaurace wa share wa manyan ƙungiyoyi fage a irin waɗannan wurare. Shi ya samu wata hanyar ya bi. Nawa ne suka sauka daga dandamali a irin wannan dare suka rataye jitar ke nan?

Su ma daga nan suka fara

Da rarrafe yaro kan tashi, kuma kusan babu ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da ake kira gagarabadau a yau da ba ta yi nata rarrafen a wannan gurbi ba. Rolling Stones sun yi rangadinsu na farko na Birtaniya a ƙarshen 1963 suna ƙasan jerin sunaye, a bayan Everly Brothers da Bo Diddley da Little Richard. A farkon shekarar, The Beatles suna bin wata matashiyar mawaƙiya, Helen Shapiro, gari-gari. The Who sun zagaya Amurka a 1967 suna share wa Herman's Hermits fage. Wasan farko da Led Zeppelin suka yi a Amurka, a Denver ranar 26 ga Disamba, 1968, share fage ne ga Vanilla Fudge. Queen sun bi Mott the Hoople, AC/DC da Van Halen kuma kowannensu ya bi Black Sabbath a ƙarshen shekarun 1970.

Duk wanda ya taɓa zuwa filin dambe ko kokawa ya san wannan tsari. Ƙanana ne ke fara shiga su motsa fili kafin manyan 'yan wasa su fito, kuma a cikinsu ne masu ido suke hango wanda zai gaji zakaran yau. Da za a riƙa korarsu da jifa don ana ɗokin babban karo, da an wayi gari babu mai shiga filin.

Wannan gurbi ne kuma ya kai kiɗan yankinmu gaban kunnuwan da ba su taɓa jin sa ba. A watan Agustan 2007 ƙungiyar Tinariwen ta Buzayen arewacin Mali ta share wa Rolling Stones fage a Slane da ke ƙasar Ayalan. Robert Plant, tsohon mawaƙin Led Zeppelin, wanda ya je bikin kiɗan hamada a Mali a 2003, ya tafi da Bombino, makaɗin jita ɗan Agadas, a rangadinsa na Amurka a 2013. Idan na tuna cewa ɗan Nijar da rawaninsa da jitarsa yana iya tsayawa a gaban irin dattawan da na gani a daren nan, yana waƙa da harshen da ba su ji, sai maganar ta daina zama ta Turawa kaɗai a wurina.

Wanda bai zama Prince ba

Duk da haka, akwai wata hanya da ake ba da labarin Prince wadda ba ta gamsar da ni. Ana cewa a dubi yadda masu jifan suka ji kunya, domin shekara uku bayan haka, a 1984, ya zama ɗaya daga cikin manyan taurarin duniya. Wato darasin da ake fitarwa shi ne, kada ka jefi mai share fage don ba ka san abin da zai zama gobe ba.

Wannan hujja tana da rauni a gindinta, domin tana nufin da Prince bai shahara ba, da masu jifan sun yi daidai. Mafi yawan masu share fage ba za su taɓa cika filin wasa da sunansu ba. Za su yi 'yan shekaru suna yawo a ƙaramar mota, su fitar da faifai ɗaya ko biyu, sannan su koma koyarwa ko wani aikin. Waɗannan ma sun kwana suna atisaye, sun yi tafiyar sa'o'i, sun hau dandamali gabansu yana faɗuwa. Ladabin da ake bin su bashi ba ya jiran a ga ƙarshen labarinsu, kamar yadda ba a jiran a ga ko ɗan koyo zai zama babban maƙeri kafin a amsa sallamarsa.

Kuma ina ganin a nan ne asalin cutar take. Da yawa daga cikin masu zuwa wasan tsofaffin ƙungiyoyi ba sabon abu suka zo ji ba, ƙuruciyarsu suka zo nema. Suna so a mayar da su shekarar da suka fara jin waƙar nan, kuma duk wani sauti da ba su sani ba sai ya zame musu katanga tsakaninsu da wannan shekarar. Ban ga aibu a kewar ƙuruciya ba, kowa yana yi. Amma kiɗan rok ya samu karɓuwa ne saboda wasu matasa a shekarun 1960 sun buɗe kunnensu ga abin da iyayensu ke kira hayaniya. Waɗannan matasan ne suka tsufa suka zama masu rufe wa na bayansu baki.

Laifin da ke bayan labule

Ba zan sauke wa 'yan kallo kayan duka ba, domin tun kafin a buɗe ƙofa an riga an nuna musu matsayin mai share fage. A manyan wasanni da yawa ana rage masa ƙarfin lasifika don kada ya kai na manyan, ana ba shi kaɗan daga cikin fitilun, a matse shi a bakin dandamali a gaban kayan masu wasan da aka lulluɓe da baƙin ƙyalle. Wani lokaci ko gwajin sauti na kirki ba ya samu. Ana sa shi ya fara alhali mutane suna kan shigowa, fitilun zaure ma ba a gama kashe su ba. Ladan da ake ba shi sau da yawa ba ya rufe kuɗin mai da masauki, akwai ma tsarin da ƙaramar ƙungiya ko kamfaninta ke biyan kuɗi don a tafi da ita. Ɗan abin da take fata ta samu daga sayar da riguna da faya-fayai, shi ma wurare da yawa suna cire kasonsu a ciki.

Idan ɗan kallo ya shigo ya ji sauti a shaƙe, ya ga mutane huɗu a takure cikin rabin haske, an riga an faɗa masa cewa waɗannan ba a bakin komai suke ba. Manyan makaɗan suna da ikon gyara wannan da kalma ɗaya. Suna iya umartar injiniyan sautinsu ya saki lasifika. Ɗayansu yana iya fitowa na minti ɗaya ya gabatar da baƙin da bakinsa, ya ce mu muka zaɓo su, ku saurare su. Taron da ya biya kuɗi mai yawa don ya ga mutum ba zai yi wa wanda mutumin ya riƙo wa hannu ature cikin sauƙi ba. A daren da na je, manyan ba su ambaci sunan yaran ba ko sau ɗaya a cikin sa'o'i biyu da suka yi suna wasa.

Maganar ta ƙara nauyi yanzu saboda ƙananan wuraren da sababbin makaɗa ke koyon sana'a suna ta rufewa. Ƙungiyar Music Venue Trust ta Birtaniya, mai fafutukar kare ƙananan wuraren kiɗa, ta ce a 2023 kaɗai wurare 125 ne suka rufe ko suka daina shirya kiɗa. Makaɗan Coldplay sun yi alkawarin ba wannan ƙungiya kashi 10 cikin 100 na abin da suka samu a wasanninsu na Wembley da Hull a 2025, kuma wannan abin a yaba ne. Sai dai idan ƙananan zauruka suna ƙarewa, minti talatin ko arba'in ɗin nan na share fage yana cikin 'yan ƙofofin da suka rage wa matashi ya tsaya a gaban jama'a masu yawa.

Da aka tashi wasan, na ga yaran huɗu a bakin ƙofar fita, a bayan wani ɗan teburi da suka jera rigunansu da faya-fayansu. Dubban mutane suka wuce ta gabansu. Matar nan da ke gabanmu ta tsaya, ta sayi faifai ɗaya, ta ce wa mai gangunan ba ta samu ta ji su da kyau ba saboda hayaniya, don haka za ta je gida ta saurara.